Gobarar Paradise ta 2018: Yadda Ake Kewaye Wutar da Iska Ke Korawa

Da safiyar Alhamis, 8 ga Nuwamba, 2018, wajen ƙarfe 6:15, wata ƙugiyar ƙarfe ta karye a kan dogon turken wutar lantarki kusa da ƙauyen Pulga, a arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka. Ƙugiyar ce ke riƙe da jerin tangaran ɗin da waya ke rataye a jikinsu. Layin, mai suna Caribou-Palermo, mallakar kamfanin PG&E ne, yana ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 115,000, kuma tun wajen 1921 aka kafa shi. Shekara kusan ɗari iska na kaɗa ƙugiyar, tana gogar farantin ƙarfen da aka saƙala ta a ciki, tana cinyewa kaɗan-kaɗan, har ɗan abin da ya rage ya kasa ɗaukar nauyi. Waya ta faɗo ta taɓa jikin turken, wuta ta yi tartsatsi, narkakken ƙarfe ya zubo kan busasshiyar ciyawa.

Kafin rana ta faɗi, garin Paradise mai mutum kusan 27,000 ya zama toka, haka ma ƙauyen Concow da babban ɓangaren garin Magalia da ke maƙwabtaka da shi. Mutum 85 suka rasu. Gine-gine 18,804 suka ƙone, kusan 14,000 daga ciki gidajen zama ne. Wutar ta ci eka 153,336, wato hekta 62,000 da 'yan kai, kuma sai ranar 25 ga Nuwamba aka gama kewaye ta. An sa mata suna Camp Fire saboda hanyar Camp Creek da ta tashi kusa da ita.

Tambayar da mutane kan yi ita ce: ƙasa mai jiragen kashe gobara da dubban 'yan kwana-kwana, me ya hana ta kashe wutar tun tana ƙarama? Amsar tana da ɗaci. Wutar daji da iska mai ƙarfi ke korawa ba a tare ta ta gaba. Ana kwashe mutane daga gabanta, a bi gefunanta a haƙa mata iyaka, a jira iska ta kwanta. Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa rayukan da aka rasa a Paradise kusan duk a ranar farko aka rasa su, sauran kwana 16 kuwa aikin ƙasa ne da gatari da katafila.

Abin da ya ba ta gudu

Abu uku ke juya wutar daji: abin da take ci, yanayin sama, da shimfiɗar ƙasa. A ranar duka ukun sun haɗu.

A al'ada ruwan kaka kan sauka a wannan yanki tun watan Oktoba. A 2018 bai zo ba. An haura kwana 200 ba a yi ruwan kirki ba. Masu kashe gobara suna kasa abin da wuta ke ci gwargwadon saurin bushewarsa. Ciyawa da ganye da siraran kirare suna bin laimar iska cikin sa'a guda: da iska ta bushe, sun bushe. Rassa masu kaurin yatsa sai sa'a goma. Manyan gungume kuwa, masu kaurin da ya wuce santimita bakwai, sai sun yi makonni. Idan har gungumen nan sun bushe ƙayau, to dajin gaba ɗaya ya zama itacen girki. Ƙari a kan haka, yankin Concow ya taɓa ƙonewa a 2008, abin da ya tsiro a gurbin manyan itatuwan kuwa ciyawa ce da ƙananan bishiyoyi masu cunkoso, irin waɗanda wuta ke ratsawa da gudu.

Iskar ita ce babbar matsala. A kaka, iska mai nauyi kan taru a kan hamadar Nevada, ta tsallako tsaunukan Sierra Nevada, ta gangaro yamma. Tana gangarowa tana matsewa, tana ƙara bushewa. Wanda ya san yadda iskar hunturu ke fasa leɓe da busar da wanki cikin ɗan lokaci ya san irinta, sai dai wannan tana shiga kwazazzabon Kogin Feather ta matse a wani mashigi da ake kira Jarbo Gap, ta fito da ƙarfi. Da asubahin ranar an auna bugunta ya haura kilomita 80 a sa'a. Da rana laimar iska ta faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari.

Sai ƙasar. Paradise a kan doron tudu take, tsakanin kwazazzabai biyu: reshen yamma na Kogin Feather ta gabas, rafin Butte Creek ta yamma. Wuta ta fi gudu idan tana hawa, domin harshenta na kwantawa kan abin da ke samanta, yana gasa shi kafin ta iso. Ƙiyasin da ake aiki da shi shi ne duk ƙarin digiri 10 na hawa yana ninka gudunta. Duk wutar da ta sauka cikin kwazazzabon gabas, da gudu za ta hau bangonsa, kuma a saman bangon nan gidajen Pentz Road suke, har da asibitin garin.

Sa'ar farko

'Yan kwana-kwanan farko na Cal Fire, hukumar kashe gobarar daji ta jihar, sun iso kafin ƙarfe 7. Sun hango wutar daga tsallaken kogi, ba ta wuce eka 10 ba. Hanyar da za ta kai su gare ta ƙaramar hanyar ƙasa ce da ke manne a jikin dutse, wadda ko ran da ba wuta motar kashe gobara a hankali take bin ta. Shigar da mota da mutane cikinta a irin wannan iska jefa su ne cikin halaka. Jirage kuma ba su iya aiki a sa'o'in farko ba saboda iska da hayaƙi.

Akwai ma'aunin da duk mai wannan aiki ya haddace, kuma tsawon harshen wuta ake dubawa. Idan bai kai mita 1.2 ba, mutane da kayan hannu za su iya tsayawa a bakinta su kashe. Daga 1.2 zuwa 2.4, zafin ya fi ƙarfin mutum, sai katafila da motocin ruwa da jirage. Daga 2.4 zuwa 3.4, ta fara kama kan itatuwa tana jefa garwashi gaba, tarewar ta zama da ƙyar. Idan ya wuce 3.4, duk abin da aka yi a gabanta ɓarnar ƙarfi ne. Wutar Camp ta tsallake wannan iyaka tun kafin a gama tara motoci.

Abin da ya fi harshen wutar ɓarna shi ne garwashin da iska ke ɗauka. Zafi na ɗaga ɓawon itace da ganye da guntayen rassa masu ci, iska ta kwashe su ta zubar can gaba, kowanne ya kunna tasa wutar. Binciken da cibiyar NIST ta gwamnatin Amurka ta yi ya nuna garwashi ya kunna wuta har nisan kilomita 6 gaba da ainihin bakin wutar. Paradise na da nisan kilomita 11 daga Pulga, amma kafin ƙarfe 8 an fara ganin wuta a cikin gari, wuri-wuri, alhali uwar wutar ba ta iso ba. Babu faɗin fili ko kogi ko titi da zai tare abin da ke tafiya ta sama.

Fita daga gari

Paradise ba ta zauna ba shiri ba, wannan ya kamata a faɗa. Bayan gobarar 2008 an raba garin shiyya 14, da nufin a riƙa fitar da mutane shiyya-shiyya don kada hanya ta cushe. An ma taɓa gwada mayar da hannu biyu na titi zuwa hannu ɗaya mai fita. Shirin ya dace da wutar da ke tahowa daga gefe guda a hankali. Wutar da ta faɗo ko'ina a lokaci ɗaya ta rushe shi cikin sa'a guda.

Manyan hanyoyin da ke gangarawa kwari huɗu ne: Skyway, Neal, Clark da Pentz. Wuta ta rufe wasu, sauran suka cika maƙil. A 2014 an rage wani ɓangare na Skyway a tsakiyar gari daga layi huɗu zuwa biyu don kare masu tafiya a ƙasa, ko da yake tun 2009 wani kwamitin bincike na gundumar Butte ya yi gargaɗi a kan ƙarancin hanyoyin fita. Tafiyar minti ashirin zuwa birnin Chico da ke kwari ta koma ta sa'o'i. Wanda motarsa ta mutu ko ta kama wuta ya fita da ƙafa, motar kuma ta toshe wa na baya. A kan Pearson Road sai da wani direban katafila ya riƙa ture motoci masu ci gefe kafin hanya ta buɗe.

Gargaɗin ma bai isa ga kowa ba. Tsarin saƙon wayar da gundumar ke amfani da shi, CodeRED, sai wanda ya yi rajista ko lambarsa ke cikin jerin yake samu. Kira da yawa ba su shiga ba, sannan turakun sadarwa suka ƙone. Mutane da dama daga bakin maƙwabci suka ji, ko daga ƙarar fashewar tukwanen gas, ko daga duhun da ya rufe gari da hantsi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna Paradise sun kai shekara 65 ko sun wuce. Akasarin waɗanda suka rasu tsofaffi ne, kuma da yawansu a cikin gidajensu aka same su: marasa mota, masu keken guragu, waɗanda ba su ji kira ba.

A nan shugabannin aikin suka yanke shawarar da ta ceci rayuka masu yawa: suka bar batun kashe wuta, suka koma kan mutane. Inda hanya ta toshe, sai a fito da mutane daga motoci a tara su a fili mai kwalta ko tsakuwa, kamar wurin ajiye motoci na kanti, ko mahaɗar tituna mai faɗi, a jera motocin kashe gobara su zama garkuwa, a jira wutar ta wuce. NIST ta ƙidaya irin waɗannan mafaka na wucin gadi 31, da mutum sama da 1,200 a cikinsu. A Concow wasu cikin ruwan madatsa suka shiga. Akasarin waɗannan wurare ba a tanade su tun farko ba. A ganina wannan ne darasin da ya fi kowanne amfani ga garin da ke da ƙarancin hanyoyi: a san filayen da babu abin ci ga wuta a cikinsu, a share su, a sanar da jama'a tun kafin ranar.

Yadda ake haƙa mata iyaka

Daga rana ta biyu aikin kewayewa ya kankama. Zuwa tsakiyar wata ma'aikata sun haura 5,500, da motocin kashe gobara sama da 600, katafila sama da 100, da jirage masu saukar ungulu 24. Cikinsu akwai ayarin fursunoni, waɗanda Kalifoniya ta daɗe tana sa su aikin hannu a bakin wuta, kuma a lokacin ladansu bai taka kara ya karya ba.

Ba a fara layi, wato zirin ƙasar da ake sharewa don tare wuta, daga ko'ina. Ana farawa ne daga madogara, wato wurin da wuta ba za ta iya zagayowa ta bayan ma'aikata ba: titi, kogi, dutse, ko ƙasar da ta riga ta ƙone ta huce. Daga nan a bi gefen wutar, ɗaya ayari ta dama ɗaya ta hagu, ana matse ta har a haɗu a gaba bayan ta rage ƙarfi. Layin da aka fara a tsakiyar daji ba madogara, wuta kan zagaye shi ta rutsa da masu yinsa.

Ayarin hannu kan kai mutum 20, kuma a jere suke aiki. Masu zarto mai inji ne a gaba, suna sare rassa da ƙananan itatuwa. A bayansu masu janye abin da aka sare suna jefa shi nesa da layin, ta gefen da bai ƙone ba idan ɗanye ne, ta gefen wuta idan ya fara ci. Sai masu Pulaski, wani makami mai gatari ta gefe ɗaya da fartanya ta ɗayan, suna sare saiwa suna fasa ƙasa. Na ƙarshe masu shebur da manjagara, suna kankare duk wani ganye da ruɓaɓɓen itace har sai jar ƙasa ta fito. Wannan kankarewa ita ce ruhin aikin. Idan aka bar ɗan zirin ruɓaɓɓen ganye ko saiwa guda ta ratsa layin, wuta za ta bi ta cikinsa a ɓoye, ta ɓullo a ɗaya gefen bayan kwana ɗaya ko biyu. Faɗin layin ya danganta da abin da ke wurin. Ƙa'idar ita ce ya kai tsawon ciyawa ko ƙananan itatuwan wurin sau ɗaya da rabi. A cikin gajeriyar ciyawa rabin mita ya isa. Idan layin yana ƙasa da wuta a kan gangare, sai a haƙa masa kwalbati mai baki, domin gungume masu ci da 'ya'yan itace kan gangaro su tsallake.

Inda ƙasa ta yarda, katafila ce ke yin aikin: faɗin bakinta mita uku zuwa huɗu, kuma a kan doron tudu akan jera faɗin baki uku ko shida. Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A yankunan kiwo na Nijar, kamar Tahoua da arewacin Maradi, ana share dogayen zirin fili bayan damina don tare gobarar makiyaya. Bambancin shi ne wutar ciyawa ba ta jefa garwashi da nisa, ta dajin itatuwa kuwa tana yi, shi ya sa layi kaɗai ba ya wadatarwa.

Abin da ke ƙarfafa layi shi ne ƙona abin da ke tsakaninsa da wutar. Ma'aikaci na tafiya a gefen layin da tulun ƙarfe mai dogon baki da lagwani, cike da man dizal da fetur, wajen kashi uku na dizal da ɗaya na fetur, yana ɗigar da wuta. Idan fetur ya yi yawa zai yi bindiga a hannu. Idan ya yi kaɗan ba zai kama ba. Ana kunnawa ziri-ziri, a fara da na jikin layi, a bar shi ya ci ya yi baƙi, sannan a ƙara na gaba, har a sami baƙar ƙasa mai faɗi. Akan yi haka da dare ko da asuba, lokacin da laima ta ɗan hau iska ta lafa. Idan babbar wutar ta matso, takan zuƙo iska zuwa gare ta, sai ta jawo ƙaramar wutar da aka kunna, su haɗu can nesa da layi, su rasa abin ci. Haɗarin a bayyane yake: iska ta juya, wutar da ka kunna da hannunka ta tsallake layinka. Saboda haka a bayan masu kunnawa akwai masu tsaro da suka juya wa wutar baya, idonsu na kan gefen da bai ƙone ba, suna neman duk inda hayaƙi ya ɓullo.

Ruwa na taimakawa, amma bai da yawa kamar yadda ake zato. Motar daji irin ta Cal Fire lita 1,900 take ɗauka, abin da mesa ɗaya za ta ƙarar cikin mintuna. Ana shimfiɗa mesa mai kaurin inci ɗaya da rabi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa mita 30, ana fitar da ƙanana masu inci ɗaya daga jikinta. Duk hawan mita 10 yana cin kusan bar ɗaya na ƙarfin turin ruwa, don haka a kan tsauni sai an sa injin turi a tsakiya da tankunan roba da motocin dakon ruwa ke cikawa. A cikin garin Paradise kuwa, da gidaje suka ƙone bututunsu suka buɗe, ruwa ya riƙa zuba ta dubban wurare, famfunan kashe gobara suka rasa ƙarfi a daidai lokacin da ake buƙatarsu.

Jan ruwan da jirage ke zubawa, wanda ake gani a talabijin, ba kashe wuta yake yi ba. Kusan kashi 85 cikin ɗari ruwa ne, wajen kashi 10 gishirin takin zamani, sauran kuma abin kauri da jan launi don matuƙi na gaba ya ga inda aka tsaya. Gaban wuta ake zuba shi, a kan abin da bai kama ba, ya rage mata gudu har ma'aikatan ƙasa su iso. Ƙaramin jirgin Cal Fire na ɗaukar lita 4,500. Jirgin 747 da aka kawo wannan gobara yana ɗaukar kusan 70,000. Amma dole jirgin ya sauko ƙasa-ƙasa, mita 60 ko kusa da haka a kan itatuwa, kuma idan iska ta kai kilomita 50 a sa'a ruwan watsewa yake yi kafin ya sauka. Layin jirgi da ba a bi shi da mutane ba, wuta kan ci ta ƙarƙashinsa ta wuce.

Kafin kowane ayari ya sa hannu sai ya tabbatar da abu huɗu: mai gadi da ke hango wutar daga sama, rediyon da ke aiki, hanyar gudu, da filin tsira. Filin tsira ana auna shi ne da harshen wuta: nisan mutum daga wutar ya kai tsawon harshenta aƙalla sau huɗu ta kowane gefe. Hanyar gudu kuma ana auna ta da tafiyar wanda ya fi kowa gajiya, yana hawa, da kaya a bayansa.

Idan aka ji an ce an kewaye kashi 40 na gobara, ana nufin kashi 40 na da'irarta na da layin da ake da yaƙinin zai riƙe. Cikinta na iya ci har makonni. Kafin a lissafa yanki a wannan kaso sai an bi shi an yi shara: a shiga mita 30 zuwa 90 daga layi, a fasa kowane kututture mai hayaƙi, a cakuɗa rushi da ƙasa da ruwa, a kayar da matattun itatuwan da ke ci a tsaye. Ma'aikaci kan cire safar hannu ya bi toka da bayan hannunsa yana neman zafi. Da dare jirgi mai na'urar gano zafi na zagayawa, da safe a raba taswirar wuraren da suka rage. Aiki ne mai gajiyarwa da ba ya fitowa a labarai, amma sakaci da shi kan sa wuta ta tsallake layi. Haka aka yi ta matsawa, ana tsare gefen Chico ta yamma da ɓangaren tafkin Oroville ta kudu, har ruwan sama ya sauko ranar 21 ga Nuwamba ya ƙarasa abin da ya rage.

Gidajen

Duk wanda ya duba hotunan Paradise bayan gobarar zai ga wani abin mamaki: gidaje sun zama fili, itatuwan da ke kewaye da su kuwa suna tsaye, wasu ma da ɗanyen ganye. Wannan na nuna ba bangon wuta ne ya share garin ba. Garwashi ne ya faɗa cikin indararo mai cike da busasshen ganye, ko ya shiga ta kafar shan iska ta ƙarƙashin rufi, ko ya taru a gindin bangon katako, a kan tarin itacen girki, a ƙarƙashin dandamalin katako. Gida ɗaya ya kama, zafinsa ya fasa tagar maƙwabci, shingen katako ya kai wutar gida na uku.

Dokar Kalifoniya ta wajabta share mita 30 kewaye da gida, amma mita ɗaya da rabi na jikin bango ya fi sauran muhimmanci: kada a bar komai mai ci a nan, sai tsakuwa ko siminti. Kafofin iska a rufe su da ragar ƙarfe mai idon da bai wuce milimita 3 ba. Rufi ya zama na kwano ko tayil ko wani abin da ba ya kamawa, indararo a share, shingen da ya taɓa gida ya zama na ƙarfe. Tun ran gini ran zane: a 2008 jihar ta fara aiki da dokar gini mai irin waɗannan sharuɗɗa, kuma wani lissafin da jaridun McClatchy suka yi ya nuna kashi 51 na gidajen da aka gina bayan 2008 a yankin sun tsira ba lahani, na kafin nan kuwa kashi 18. Binciken da ya biyo baya ya ƙara wani abu da bai kamata a tsallake ba: kusancin gida da wani ginin da ya ƙone shi ne abin da ya fi nuna ko zai tsira. Mutum na iya gyara gidansa tsaf, rumfar ajiyar maƙwabcinsa ta ƙone shi. Don haka gyaran na unguwa ne gaba ɗaya.

Batun turken kuwa, kwanaki biyu kafin gobarar PG&E ta yi ta sanar da cewa tana iya yanke wuta a yankin saboda iska, sannan ba ta yanke ba; ko da ta yanke ma, tsarinta na lokacin bai haɗa da manyan layuka masu bolt 115,000 ba. A Janairun 2019 kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda bashin diyya, daga baya ya amince da dala biliyan 13.5 ga waɗanda wannan gobara da wasu suka shafa. A Yunin 2020 ya amsa laifin kisan mutum 84 ba da niyya ba, da laifin tayar da gobara. An rufe layin Caribou-Palermo har abada. Cinyewar ƙugiya irin wannan ba a ganinta daga ƙasa ko daga jirgin da ke wucewa da sauri. Sai an hau turken, ko an ɗauki hoto na kusa.

Wahalar ba ta ƙare da mutuwar wuta ba. Jerin waɗanda ake nema ya taɓa haura 1,200 kafin a tantance, masu bincike da karnuka suka bi toka gida-gida. An kwashe ɓaraguzai sama da tan miliyan 3.6. Da ƙarfin ruwa ya faɗi a ranar gobarar, bututu sun zuƙi hayaƙi, na roba kuma sun narke, sai aka sami sinadarin benzin mai haddasa sankara a ruwan famfo, aka shafe shekaru ana gwada layukan gidaje ɗaya bayan ɗaya ana sauyawa. Garin ya kafa turakun jiniya 21 da ba su dogara da wayar salula ba, kamfanin lantarkin kuma ya shiga aikin binne wayoyin rarraba wuta na cikin gari a ƙarƙashin ƙasa. Mutane na dawowa, ko da yake ba su kai rabin adadin da ba, kuma hanyoyin da ke gangarawa kwari daga doron tudun har yanzu waɗannan huɗun ne.